Zipora da Ruwan Baftisma

Idan ka bi hanyar da ta fita daga Manchok ta nufi gindin duwatsu, kafin ka kai majami'ar ƙauyen za ka ga randa a ƙarƙashin wani mangwaro, da moɗa a kife a kanta, da wata doguwar mata a kan benci tana ɓarar gyaɗa tana bin masu wucewa da ido. Zipora ke nan, amma kowa Magajiya yake ce mata. Ruwan randar nan ba na sayarwa ba ne, na dole ne. Duk saurayin da ya zo wucewa da gudu yana shirin shiga soja sai ya tsaya ya sha, ko yana so ko ba ya so, don in ya wuce za ta bi shi da murya har ƙofar gidan uwarsa.

Sunan Magajiya a bariki ta samo shi. 'Yar manoma ce, ta tashi cikin acca da citta, har wata Kirsimeti da wani kurtun soja mai suna Sambo ya zo hutu ya ji muryarta a cikin mawaƙan majami'a, ya rasa sukuni. Ta aure shi, ta bi shi bariki bayan bariki da tukwanenta da 'ya'yanta. Tana sayar da kunu da fate a kasuwar bariki, tana raba faɗa a bakin famfo ba tare da an kira ta ba, har matan sojoji suka ga tunda ta riga ta ɗauki aikin, gara su ba ta sunan. Magajiya ita ce shugabar matan bariki. Ita ke sa a share layi, ita ke shiga tsakanin miji da mata, ita kuma ke rakiyar hafsa idan za a je a gaya wa wata cewa mijinta ba zai dawo ba. Ta yi wannan rakiya sau da yawa, kuma ba ta taɓa sabawa da ita ba.

Sambo ya je wuraren da ake harbi ya dawo ko ƙwarzane babu. Abin da ya kashe shi tattaki ne, cikin bazara, kafin ruwan farko ya sauka. An ɗora musu kaya a baya aka ce su taka. Can tsakar rana abokansa suka ga Kofur Sambo yana tafiya a karkace, sai kuma ya juyo ya zagi hafsansu, shi da ko akuya bai taɓa ɗaga wa murya ba. Daga nan ya faɗi. Abokansa suna ƙaunarsa, don haka suka yi abin da suka sani. Suka ɗora shi a bayan mota, suka rufa masa tampol don kada rana ta ƙara dukansa, suka kama doguwar hanyar asibiti. Ya isa da rai, amma bai kwana ba.

Zipora ba macen da za a ce wa "sai haƙuri" ta tashi ta tafi ba ce. Ta tsare likitan da tambaya har ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Ya ce idan mutum ya yi aikin ƙarfi cikin zafi, wani lokaci jiki yakan kasa fitar da zafin da yake tarawa, sai ya fara dahuwa daga ciki, kuma kai ne ke fara rikicewa. Ya ce maganin farko ba ya asibiti. A nan inda mutum ya faɗi za a tsoma shi cikin ruwa mai sanyi har wuya, a riƙe masa kai, sai ya dawo hayyacinsa sannan a ɗauko shi. Da ta fito ta nemi direban motar ta tambaye shi ko sun wuce ruwa a hanya. Ya ce sun haye wata gada, akwai rafi a ƙarƙashinta, har da mata suna wanki. Mutuwar ta yi mata ciwo, amma rafin nan ya fi yi mata ciwo, kuma shi ne ya zauna mata a rai shekara da shekaru.

Ta kafe sai da aka kawo gawar gida, aka binne shi a bayan ɗaki kamar yadda ake yi a garinsu, aka shafe kabarin da siminti aka kafa gicciye. Ta koma gona. Da citta ta aurar da 'ya'yanta mata, da citta ta yi wa autanta Kaleb makaranta. Ranar da Kaleb ya ce shi ma soja zai shiga, dangi suka taru suna jiran ta faɗi ƙasa tana birgima, sai ta tashi ta dafa masa wake. Ta ce harsashi na hannun Ubangiji, ba ta da ta cewa a kansa. Amma rana da taurin kai, wannan aikin mutum ne, kuma muddin tana numfashi zafi ba zai karɓe mata ɗa kamar yadda ya karɓe mata miji ba. A makon ne ta kafa randar.

Kaleb ya yi shekarunsa a dajin arewa maso gabas. A wani artabu da ya ga abokansa sun zube gefensa, ya yi wa Ubangiji alkawari cewa in ya fita da rai zai yi baftisma a majami'ar garinsu. Da ya samu hutu gab da Ista ya dawo gida, ya zauna a ajin baftisma tare da yaran da ya girme wa nesa ba kusa ba, gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin benci. Zipora tana wucewa ta taga tana leƙensa, daɗi ya cika ta.

Rafin ƙauyen yakan ƙafe kafin Ista, shi ya sa ikilisiya ta gina tanki na siminti a cikin ƙasa bayan majami'a, mai matakala, ƙarƙashin inuwar itatuwa. Kowace shekara matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, su ne ke cika shi, baho bayan baho, daga rijiyar burtsatse ɗaya tak da ke can bakin kasuwa. Aikin yakan ci kwana biyu da wuyan mata da yawa. In ya cika sai Baba Ezekiyel, tsohon da ke kula da majami'a, ya ja marfin kwano ya rufe, ya ɗana kwaɗo saboda yara da awaki, ya rataya makullin a wuyansa. Daga nan ko Pasto ba ya taɓa ruwan sai safiyar Lahadi.

Pasto Jonathan ya ce masu baftisma su yi azumi ranar Jumma'a zuwa yamma. Kaleb ya ga wannan azumin yara ne. Shi da ya yi alkawari a bakin mutuwa, ba ci ba sha zai yi tun daga Jumma'a har sai ya fito daga ruwa ranar Lahadi. Ga shi kuma gwajin ƙarin girma yana jiransa in ya koma, saboda haka bai fasa gudunsa na hawan dutse ba. Ranar Asabar da hantsi Zipora ta fito da bahonta ta tarar da shi yana cusa duwatsu a jakar baya.

"Ina za ka da wannan kaya? Ka sha ruwa?" ta tambaye shi.

"Mama, ina azumi."

"To ka zauna ka yi azuminka a inuwa. In gudu ne, ka sha ruwa ka yi gudunka. Ɗaya za ka zaɓa."

"Abeg Mama, kar ka damu," in ji Kaleb yana dariya. "Inda na fito, rana ya fi wannan. Yanzu-yanzu zan dawo."

Ta kama hannun jakar, ya zame, ya sumbaci goshinta ya fita da gudu. Ya wuce randar bai ko kalle ta ba. Ta bi shi da murya kamar yadda take bin 'ya'yan mutane, amma nata ɗan ya san duk iyakar muryar. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ɗauki baho ta tafi ɗiban ruwa, kowane sawu idonta yana kan dutsen.

Rana ta take tsaka aka gama cika tanki, Baba Ezekiyel ya kulle. Matan suka koma inuwar majami'a da tulunsu na kiɗa suna bitar waƙoƙin gobe, kowace da zanen zumunta. Mai ba da waƙa ita ce Bernice, yayar marigayi Sambo, wadda Zipora ke kira "mijina" ita kuma tana ce mata "matanmu", kamar yadda dangin miji da matar gida suke yi a can. Shekara talatin suna faɗa suna cin abinci a kwano ɗaya. Ana cikin amshi Zipora ta hango Kaleb yana saukowa, ta daina tafi. Gudun ba nasa ba ne. Yana tafiya a karkace, ya bar hanya ya shiga kunyoyin rogo, ya fito, ya tsaya a filin majami'a yana nuna matan da hannu.

"Ku kwanta! Ku kwanta ƙasa, suna zuwa!" ya daka musu tsawa. Ya kai wa wani ɗan acaɓa da ya matso naushi, ya zagi uwarsa da ta haife shi da kalmar da ba a faɗa a filin majami'a, sannan ya zube.

"Yesu! Abin da ya gani a daji ne ya biyo shi!" wata ta yi ihu.

Nan da nan matan suka kewaye shi suka kama addu'a da ƙarfi, masu tsawata wa aljanu suna yi, masu kuka suna yi, har iska ba ta kai wa gare shi. Bernice ta ga yana karkarwa, ta kwance mayafinta ta rufa masa, ta aika a dafa citta mai zafi. Zipora ta ratsa su da kafaɗa. Ta yaye mayafin, ta sa hannu a wuyansa, ta ji shi kamar murfin tukunya a kan wuta. Idanunsa a buɗe suke amma ba ita suke gani ba. Tsoro ya kama ta, sai dai ba ta yi ko ɗar a kan abin da za ta yi ba, don shekarun nan duka wannan ranar take jira.

"Ku ci gaba da addu'a, amma ku ja baya," ta ce da muryar bariki, sannan ta nuna wasu 'yan acaɓa biyu. "Kai da kai, ku cire masa jaka da takalmi, ku ɗauko shi. Doreen, je shagonki ki kwaso duk ƙanƙarar da ke firiza. Baba Ezekiyel, makulli."

Tsohon ya dafe ƙirjinsa inda makullin yake. "Magajiya, Pasto ba ya nan, ya je Manchok. Ruwan nan na gobe ne. Mutum fiye da goma suna jira. In ya lalace, ina za a samu wani?"

"Za a ɗebo wani. Yaron nan in ya lalace ba inda za a ɗebo shi. Ka buɗe, Baba, ko in sa dutse."

Bernice ta sha gabanta, ta buɗe hannuwa. "Matanmu, ka haukace? Jiki da zafi haka a sa shi a ruwan sanyi? Jini zai daskare! Za ka kashe mana ɗa. A nemi mota a kai shi Kafanchan!"

Ba mugunta ba ce. Duk wanda ke wurin da wannan aka raine shi, ko yaro ya dawo daga gona da gumi ba a barinsa ya yi wanka sai ya huce. Fuskokin matan suka nuna suna bayan Bernice. Zipora ta dubi yayar mijinta ido cikin ido, ta yi maganar da ba ta taɓa yi mata ba.

"Mijina, Sambo ma mota aka nema masa. Rufa masa aka yi, kamar yadda kika rufa wa wannan. Sun wuce rafi ba su tsaya ba. Ni ba zan wuce wannan ba."

Hannuwan Bernice suka sauka. Baba Ezekiyel ya ciro makullin ya buɗe kwaɗon, shi da kansa kuma ya ja marfin. Zipora ta fara shiga, da zanen zumuntarta da komai, ta zauna a kan matakala ruwa ya kai mata ƙirji. 'Yan acaɓan suka zura mata Kaleb. Ta kwance ɗankwalinta ta zarga masa a ƙarƙashin hamata, ta jingina kansa a kafaɗarta, jikinsa duka a ruwa sai fuska. Ya yi ta fizge-fizge, gwiwar hannunsa ta fasa mata leɓe, ba ta sake shi ba. Doreen ta iso da ledojin ruwa da suka daskare aka juye su ciki. Zipora ta sa mata biyu su riƙa motsa ruwan da bahuna don mai sanyi ya riƙa zagaya shi, ta hana a ɗura masa komai a baki tunda ba ya cikin hayyacinsa. Ya yi amai, ta juya masa kai gefe ta share da hannu.

Lokacin ya yi mata tsawo. Matan sun koma waƙa a hankali, Bernice ta durƙusa a bakin tanki tana kwarara wa yaron ruwa a ka da tafin hannu. Zipora tana jin bugun zuciyarsa a jikinta, da sauri kamar na kaza. A hankali bugun ya fara lafawa, wuyan da ke ƙona mata kafaɗa ya fara hucewa, ƙafafunsa suka daina harbi. Sai ta ji ya ja dogon numfashi.

"Mama," ya ce, "sanyi."

"Wace ce ni?"

"Magajiya mana." Ya juya ido ya ga siminti, ya ga matakala, ya ga matan zumunta a tsaye a kansa. "Yau Lahadi ne? An yi mini?"

"Ba abin da aka yi maka. Wanke ka na yi, mai kunnen ƙashi."

Filin ya kaure da guɗa. Ita ba ta tsaya guɗa ba. Ta sa aka fito da shi, aka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ya sha ba gardamar azumi. Sai a lokacin ta yarda a kawo mota, aka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun zannuwa, aka sauke gilasai, suka nufi Kafanchan. A asibiti aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Fitsarinsa ya fito baƙi kamar shayin da ba madara, likita ta ce za su riƙe shi kwanaki su ga yadda ƙodarsa za ta yi, gudu kuma sai sun ba shi izini. Ta tambayi wanda ya ce a tsoma shi kafin a kawo shi. Zipora ta ce wani likita ne ya gaya mata tuntuni. Da Zipora ta ga ya yi barci, yayarsa Catherine da ke aure a garin ta zo ta zauna da shi, sai ta ɗaura ɗankwalin aro ta nemi motar gida, don ita ta ɓata ruwan ikilisiya kuma ba ta saba barin wa wasu aikinta ba.

Ta iso rana ta yi sanyi, ta tarar an riga ta. Bernice tana cikin tanki ruwa iya gwiwa tana miƙo bokiti, mata suna karɓa suna watsa wa rogo, wasu sun riga sun kama layin burtsatse. Pasto Jonathan ya naɗe ƙafar wando yana cikin masu karɓa.

"Magajiya," ya ce, "na ji kin yi mini aiki ba na nan. Wannan baftisma taki ba ta shiga lissafi, sai Kaleb ya warke ya dawo a yi ta gaskiya."

"Ya dawo da ruwa a cikinsa, Pasto. In ba haka ba ni zan hana."

Aka yi dariya. Ta miƙa bahonta, Bernice ta cika mata shi da ruwan ƙarshe na ƙasan tanki, mai laka da tsummokaran leda. Zipora ta aza a ka. Ba ta nufi rogo ba, ta kama hanyar gida.

"Matanmu, ina za ka kai wannan datti?" Bernice ta kira ta.

"Wurin ƙanenki."

Ta wuce randa, ta zagaya bayan ɗaki. Simintin kabarin ya sha rana yini guda, har yanzu da zafi in ka taɓa. Ta durƙusa ta sauke bahon, ta fara zubawa a hankali daga wajen kai, ruwan yana bin siminti yana gangarawa ƙasa.

"Sambo, ga shi," ta ce da yarensu. "Naka ya makara. Na yaronka ya zo a kan lokaci."

Sai kukan da ta riƙe tun tsakar rana ya ƙwace mata, ta yi shi sosai, ba ta rage ba. Tana cikin yi ta ji taku a bayanta. Bernice ce, da nata bahon a ka, zanenta sharkaf. Ta durƙusa a ɗaya gefen ta juye nata daga wajen ƙafa.